Jinin Baffa a Bayan Katangar Asibiti

Bazarar da sankarau ya shigo mana, jiharmu tana sabuwa, ni kuwa ina karatu a Kaura. Wata safiya aka kawo baffana daga Dauran a bayan a-kori-kura, ƙaba ta murɗe masa, sai amai yake yi.

Da kyar na gane asibitin. Har ɗakin masu jinyar tiyata an cika shi da masu sankarau, saura suna ƙarƙashin darbejiya, robobin ƙarin ruwa rataye a rassa. 'Yan dubiya da suka saba cika harabar da tabarmi duk sun ƙaurace. Likita ya danna cikin Baffa, ya ce yau za a yi aikin, in aka kai gobe hanji zai ruɓe, amma sai an tanadi jini. Aka gwada nawa, bai dace ba.

Na ruga makaranta. Ni da ko tambaya ba na iya yi a aji, sai ga ni tsaye a ƙofar masallaci bayan azahar ina roƙon jini.

"Kai, ashe kana da murya!" in ji wani ɗan ajinmu.

"Mu tahi mu kwaso sankarau? Wanga yaro bai son mu da arziki," in ji na kusa da shi.

Na ce ba sai sun shiga asibitin ba. Wallahi ban san ko hakan zai yiwu ba. Na koma na sami mai ɗibar jini, na yi masa bayani ina in'ina. Ya dube ni, ya yi dariya, ya ce in ɗauko benci.

A bayan katanga muka kafa shi. Can sai ga babura, 'yan makarantarmu uku-uku a kan kowanne, sun ɗaure hanci da hankici, suna hon kamar masu rakiyar ango! Har wani ɗan kabu-kabu ya naɗe hannun riga ya bi layi. Wani ƙato da ya fi kowa cika baki ya ga allura ya sulale ƙasa, muka yi ta yi masa fifita ana sheƙa dariya.

Bayan la'asar aka shiga da Baffa ɗakin tiyata. Ba wanda ya tafi. Dab da magariba wata nas ta leƙo ta kan katanga.

"Ina masu jini? An fito da tsohonku, har yana neman fura!"

Kabbarar da muka yi sai da mai gadi ya fito da sanda.