Lanƙwasasshen Yatsan Hamma Buba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba. Kurma ne tun haihuwa, kafinta ne a unguwar Bagadaza da ke Gombe, ni ce kuma bakinsa a gidanmu, duk da ni ma ba gwanar magana ba ce. Daga littafi sai hannun Hamma, su na fi sabawa da su.

Ina aji ɗaya a jami'a wasu malamai suka zo nemansa. Suna aiki tare da takwarorinsu na wasu jami'o'i kan al'amuran masu buƙata ta musamman, suna tattara maganar hannu ta kuramen Gombe a bidiyo. Hamma ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya zauna gaban kyamara yana yi musu kalma bayan kalma. Ƙaramin yatsansa na dama ba ya miƙewa, tun da guduma ta same shi yana koyon aiki. Da ya ga kansa a allo sai ya kwashe da dariya, ya ce min da hannu, "Kin ga ango!"

Ba a rufa shekara ba ciwon ciki ya kayar da shi a shago. Maƙwabta suka kai shi asibiti ina makaranta. Ya yi ta nuni, ba wanda ya gane inda ke masa ciwo, ko tun yaushe. Kafin in iso hannun ya yi nauyi, ba ya ɗaguwa.

Yau cibiyar da malaman nan suka kafa tana koya wa ma'aikatan jinya maganar hannu, da bidiyon Hamma. Darasin farko shi ne, "Ina ke maka ciwo?" Tambayar da bai samu mai yi masa ba, ita yake koyarwa. Nakan rasa ko dariya zai yi da ya gani, ko kawar da kai, yadda yake yi in ransa ya ɓaci.

Ina taimakawa a cibiyar wajen duba hannun masu koyo. A nan na lura duk suna lanƙwashe ƙaramin yatsa, sun ɗauka ƙa'idar ke nan. Kuskure ba ya wuce ni, sai na faɗa wa malamar da ke shugabantarmu. Ta ce gyaran ɗaya ne, a sake ɗauka da wani, a cire na Hamma, amma sai abin da gidanmu suka ce.

Na kai mahaifiyarmu, Dada, cibiyar ta gan shi kafin a cire. Ba allon ta kalla ba, ajin ta zuba wa ido.

"Wa ya karya wa yaran nan yatsu?"

Na yi mata bayani.

"In kurma ya je asibiti, zai gane su a haka?"

"Zai gane, Dada."

"To ke da gyare-gyarenki! Ki bar min ɗana ya yi aikinsa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, muka kama hanyar gida.

Shagonsa ya koma hannun wani, kujerun da ya yi mana sun fara girgiɗi. Abin da ya rage shi ne yatsan nan, a hannun mutanen da ba su taɓa saninsa ba, suna sunkuyawa kan marar lafiya suna tambayarsa inda ke masa ciwo. Wannan kuskuren na bar shi. Allah Ya jiƙan Hamma, Ya sa ya huta.