Nonon Itace na Creuza

Creuza ba ta taɓa sayar wa mutum ƙafar da ba tasa ba. Haka take faɗa wa baƙi in sun leƙo rumfarta suna tambayar ko akwai gamammiya. A nan wajenmu, cikin jihar Ceará, wanda ya yi wa Waliyyi Francisco bakance ya warke, siffar gaɓar da ta yi ciwo yake kaiwa ɗakin mu'ujiza na babban coci. Shagunan bakin cocin cike suke da na kakin zuma, duk zubi ɗaya, ka miƙa kuɗi a miƙo maka kai ko gwiwa. Creuza ta ce wannan raina wa Waliyyi hankali ne. Ita sai ka zo da kanka, ka buɗe wurin, ta rufe ido ta bi tabon da yatsunta, sannan ta ɗauki itacen umburana ta fitar da naka sak, har da ɗinkin likita.

Wurin mahaifinta, Seu Quirino, ta gaji gizago da wuƙaƙe da dokoki biyu. Ba ta sassaƙa wa wanda bai gama warkewa ba, ba ta ma yarda ta ga ciwonsa. Ba ta kuma yin gaɓa haka kawai ta ajiye jiran mai saye, don tsohon ya ce irin wannan ita take fita neman mai ita. Mijinta ya tafi São Paulo neman aiki tun muna da ƙuruciya, ko tarinsa ba a sake ji ba. Ta zauna ita kaɗai da lofenta da baƙin kofi da mazarƙwaila, ƙafafu da hannuwan itace da masu su ba su zo karɓa ba tukuna na reto a kanta daga rufin rumfa. Da tsakar rana, lokacin da ko ganye ba ya motsi, sai ka ji suna ƙwanƙwasar juna. Ni dai ban taɓa sabawa ba.

Ni ce Aurineide, tela, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta riƙe ɗana ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna Comadre. Ita kuma ta sassaƙa nawa nonon, bayan an yanke shi a asibitin birnin Fortaleza shekarun baya. Na san wannan hanya ciki da bai: motar marasa lafiya ta ƙaramar hukuma da asuba, layi, jan ruwan nan da ake ƙara wa mutum gashinsa ya zube, hasken na'ura da ke ƙona fata. Ranar da ta taɓa tabona ta ce, "Wannan likitan ya fi ki iya ɗinki." Na ce da ita Allah ya isa, muka yi ta dariya.

Wata safiya cikin rani na kai mata dambun masara, na same ta zaune hannu a cinya, lofe ya mutu a bakinta. A kan bencin aiki ga nono na itace, an goge shi har yana sheƙi. Yadda ta saba, ta bar ɗan gefen hammata a jiki don a san ɓangare. Na dama ne. Can wajen hammatar akwai wani baƙin ƙulli na itacen, kamar ƙwallon kashu.

Na ce, "Na wace ce wannan?"

Ta ce, "Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba? Aljanu suka yi miki kwangila?"

"Comadre, gwiwa na zauna yi wa wani manomi. Gwiwa! Ina ta aiki hankalina na wani wuri, da na duba sai ga wannan."

Na kai hannu na taɓa. Na rantse da Allah da ɗumi, alhali rana ba ta kai ga bencin ba. Na goge hannun a siket. Na ce ta jefa shi a murhu kowa ya huta.

Ta zare mini ido. "In ƙona naman mutane? Yana da mai shi, kuma a layin nan take. Ba ta dai sani ba tukuna."

Daga ranar Creuza ta zama annoba a layinmu. Watan Oktoba ne, motar gwajin nono mai launin ruwan hoda ta zo ta tsaya a dandali, ita kuwa ta ajiye gizago ta shiga bin gida gida. Matar da ta ce tana da wanki, Creuza ta ce za ta tsaya mata. Wadda ta ce mijinta ba zai so ba, ta je ta sami mijin a shagon giya ta wanke shi tas gaban abokansa. Dona Cotinha, tsohuwar da ta haura tamanin, ta ce, "'Yar nan, me ya rage da za su matse? Sai dai su naɗe shi kamar tabarma." Duk da haka sai da ta je, ta fito tana tsine wa na'urar da wanda ya ƙera ta.

A bakin motar na ce, "To ke fa? Shiga mana."

Ta ce, "Babana ya yi shekara hamsin a kan aikin nan, bai taɓa sassaƙa nasa ba. Na mutane muke yi, ba namu ba."

Na ce, "Na'ura ba ta san babanki ba."

Ta yi tsaki ta tafi kamo wata. Na ji haushi, amma Creuza in ta kafe ko jaki ya sallama mata, sai na ƙyale ta.

Da sakamako ya dawo, mutum ɗaya aka kira: Jandira, mai sayar da kyandir a ƙofar coci, uwar yara uku, ba ta ma kai arba'in da biyar ba. Aka tura ta Fortaleza, aka ɗebi tsoka da allura, aka ce kansa ce, amma an kama ta da wuri. Gari ya ɗauka. Mata suka riƙa gicciye ƙirji in za su wuce rumfar Creuza, wasu suka daina bi ta layin gaba ɗaya. Ita kuwa ranar na ga ta ci abinci da kyau. Ta naɗe nonon a tsumma ta ɗora can saman kantar rumfa, ta ce, "An sami mai shi. In ta warke ta zo ta ɗauki abinta."

Jandira ta zauna gidan innarta a Fortaleza har ta gama magani, kusan shekara. A cikin shekarar nan Creuza ta rame, na ce zafi ne. Ta koma ɗaukar butar kofi da hagu, na ce tsufa ne. Wani lokaci ina ɗinki in jiyo gizago ya yi shiru tsawon lokaci, in leƙa ta katanga in gan ta tsaye, kai a sama, tana kallon ƙullin tsumman nan. In na yi magana sai ta ce ƙura take dubawa.

Sai ga Jandira ta dawo, gashi ya fara tsirowa kamar na jariri, ta zo da kaza da kwalin sabulu. Ina nan zaune a rumfar. Creuza ta hau kujera ta sauko da ƙullin, ta kwance. Ban sani ba ko idona ne, amma baƙin ƙullin itacen nan ya fi yadda na san shi girma, itacen gefensa ya tsattsage.

Creuza ta ce, "Buɗe in ga inda zan sa ɗinkin."

Jandira ta ɓalle maɓallan rigarta tana murmushi. Ga tabon nan, dogo, ya warke sumul. A hagu.

Ƙafafun itacen da ke sama suka ƙwanƙwasa juna sau ɗaya suka yi shiru. Jandira ta dubi itacen, ta dubi ƙirjinta, ta ce, "Dona Creuza, ai ba komai, kuskure ne. Waliyyi zai gane."

Creuza ta ce, "Ban taɓa kuskuren ɓangare ba."

Na tashi na rufe ƙofar rumfar, na ce, "Comadre, buɗe rigarki."

"Ke Neide, ba ki da kunya? Gaban yarinya?"

"Buɗe, ko in yaga ta. Ni na ɗinka, na san inda zan kama."

Ta buɗe a hankali da hannun hagu. Wayyo Maryamu! Nonon dama ya kumbura ya yi tauri, fatar ta yi ramu-ramu kamar ɓawon lemo, kan ya shige ciki. Wajen hammata ga ƙullutu nan, ba sai an taɓa ba. Jandira ta toshe baki ta fashe da kuka.

Creuza ta ce, "A nan nake tokare itace shekara arba'in. Na ɗauka kanta ce fatar ta yi."

Ni ban yi kuka ba, zagi na yi. Na kira ta jaka, na kira ta mai kunnen ƙashi, na ce ta tara matan gari kaf ta kai su ita ta tsaya a waje kamar ɗan sanda. Ta bar ni na gama, sannan ta ce wa Jandira, "Matso in taɓa. Naki zan yi yau, don ban san yadda hannuna zai dawo ba." Ta rufe ido ta bi tabon da yatsu. Kafin rana ta faɗi ta gama na hagu, da ɗinkinsa, shi ne aikinta na ƙarshe.

Washegari muka bi motar asuba. A asibiti suka yi abin da ya kamata, ba ni da abin da zan ce a kansu. Aka matse, aka ɗauki hoto, aka ɗebi tsoka, aka saka ta cikin wata na'ura mai kama da bututu. Ranar sakamako likitar, wata yarinya mai sanyin murya, ta jawo kujera kusa da Creuza, ba ta zauna bayan tebur ba. Da na ga haka na san labarin. Ta ce ciwon ya wuce hammata, ya shiga ƙashin baya. Ba za a yanka ba yanzu. Za a ba da magani a riƙe shi, a rage zafi.

Creuza ta ce, "Da na zo bara fa?"

Likitar ta ce, "Dona Creuza, ba zan iya rantsewa ba. Amma da mun fi samun abin yi."

Creuza ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin wake.

Ta sha jan ruwan ba ƙorafi. A ɗakin ƙarin ruwa rabin matan sun san sunanta, wasu har suna cewa in sun warke wurinta za su zo. Takan ce musu, "Ku zo, ina nan." Maganin ya kashe mata yatsu, ta daina jin bambancin itace da ƙarfe. Wannan ya fi zubewar gashi yi mata ciwo, na gan ta tana shafa bencin aikinta tana hawaye. Ita ma ta yi bakance, a gabana, cewa in ta tashi da ƙafarta za ta kai wa Waliyyi wancan na daman. Ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni, ta rasu farkon damina a ragar kwanciyarta, ina riƙe da hannunta.

Bayan an yi addu'ar bakwai na naɗe nonon a tsummansa na nufi ɗakin mu'ujiza. Na ce ko ba komai nata ne, ya zauna cikin aikin hannunta. Ɗakin cike yake har rufi, kawuna da ƙafafu da nonuwa, na gane nata da yawa a ciki, har nawa na hango. A bakin ƙofa akwai dattijon da ke karɓa. Ya miƙo hannu biyu yana murmushi, ya yi mini tambayar da yake yi wa kowa.

"Mai shi ta warke?"

Na tsaya da abin a hannu. Mutane na bayana suna turo ni, wata mata na cewa in yi sauri. Kalma ɗaya ce, da na faɗa da ya karɓa. Na buɗe baki, na ji ɗumin itacen ta cikin tsumma, na kasa.

Na ce, "A'a, Baba. Ba ta warke ba."

Ya janye hannuwansa a hankali. Na juyo da shi gida. Yana nan a saman kabad ɗina, ban kwance shi ba, ban kuma san wa zan bar wa shi ba.