Ƙulli Ɗaya Shuɗi, Ƙulli Biyu Kore

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗaki ɗaya, can ƙuryar kamfanin fim, tsakanin ɗakin kwalliya da banɗaki. Kowa Uwar Kaya yake ce mata, har mai kamfanin da ya girme ta. Taga ɗaya ce a ɗakin. Sai keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka, da sandunan ƙarfe huɗu da ta rataye kaya a kai: rigar alƙali, kakin 'yan sanda, yagaggen wandon mahaukaci.

Ta iya tsufar da kaya. Sabuwar riga za ta shigo hannunta da safe, ta jiƙa ta a ruwan shayi, ta goge gwiwar hannun da dutse, kafin rana ta take sai ka rantse wani talaka ya shekara biyar a cikinta. Ita ce kuma ta ƙirƙiro wuyan riga mai ninki uku, don kawai ta rufe ƙasusuwan wuyan wata 'yar wasa da ake kira Siririya. Fim ya fito, mata suka cika shagunan teloli, kowace a yi mata "wuyan Siririya". Ta sha ganinsa a motar haya, a jikin matar da ke gabanta, an ɗinka shi a karkace, yatsun Uwar Kaya suna ƙaiƙayin gyara shi.

Ana cewa son aiki ne ya hana ta barin kowa ya taɓa almakashinta. Ba haka ba ne. Ƙanwarta ta taɓa yin shekara biyu tare da ita, har ranar da darakta ya ɗaga wata riga ya ce wa Uwar Kaya, "Mama, yau kam kin ƙure gwaninta," alhali ƙanwar ce ta ɗinka. A satin nan Uwar Kaya ta gano cewa ƙurar yadi tana cutar da ƙirjin ƙanwarta, ta nemo mata aiki a shagon labule. Ta yi kuka ranar rabuwa, kuma kukan gaske ne. Daga nan ba ta koya wa kowa ba, ba ta rubuta komai ba. Wace riga aka sa a wace fitowa, duk a kanta yake.

Bara idonta ya fara cin amanarta. Shuɗi da kore suka zame mata abu ɗaya, toka-toka. Likita ya ce ba yanar ido ba ce, jijiya ce, ba a yi mata aiki. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san ranar da aka ji, ranar za a karɓi makullin ɗakin. Sai ta riƙa zama bakin taga da tsakar rana, lokacin da launi yake ɗan dawo mata, tana ƙulla zare a cikin kalmasar kowane kaya. Ƙulli ɗaya shuɗi, biyu kore. Wata tara tana aiki da yatsa, ba wanda ya lura.

Wata safiya da hadari ya rufe gari, mai gugan kamfanin, dattijo mai tsabta har ta yi yawa, ya tare ta da fara'a.

"Uwar Kaya, na gyara miki kayan nan tas. Zare duk ya tsiro a jikinsu kamar gemun akuya. Na bi su da reza ɗaya bayan ɗaya."

Ta ce, "Allah ya saka," ta nemi kujera.

Ba ta gama zama ba Siririya ta leƙo. Yanzu ta yi jiki, a matsayin uwa take fitowa. Sati uku da suka wuce an ɗauki hotonta a fim tana ƙwanƙwasa wata ƙofa, yau za a ɗauki shigarta ɗakin.

"Mama, wane mayafi na sa ranar? Ke ce kanmu, ni ko abin da na ci jiya ban riƙe ba."

Uwar Kaya ta san shuɗi ne. Mayafai biyu ne a gabanta, shuɗi da kore, yadi ɗaya, tsawo ɗaya. Da ta ce "ɗauki shuɗin" da magana ta ƙare. Amma a ɗakin nan ba a taɓa ɗauka ba, ita take miƙawa. Ta miƙa na dama. Kwana uku aka yi ana ɗaukar hoto da shi.

Bayan sati biyu darakta ya kira ta ɗakin tace hoto, yana dariya.

"Mama, zo ki ga ikon Allah. Baiwar Allah ta ƙwanƙwasa ƙofa da shuɗi, ta shiga da kore. Ko rini ta tsaya yi a bakin ƙofar?"

Kowa ya yi dariya. Kuskure ɗaya a shekara ashirin da shida, ai tsokana kawai za a yi mata. Ta matsa kusa da allon, ta daɗe tana kallo.

"Ai ɗaya ne," ta ce. "Na'urarku ce."

Mai tace hoto ya maimaita wurin a hankali.

"Ɗaya ne mana. Ni za ku koya wa kaya?"

Dariyar ta tsaya. Darakta ya dubi allon, ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

Mai kamfanin bai yi faɗa ba. Ya ce ita uwarsu ce har abada, sannan ya tambaye ta wa ta horar da zai riƙe ɗakin, ita ta zauna gefe tana ba shi umarni. Ta buɗe baki, ba suna. Ya jira, ya ƙara jira. Sai ya ce to, 'yan wasa su riƙa zuwa da kayansu daga gida, dama ana neman inda za a ajiye fitilu.

An ba ta zuwa ƙarshen wata ta zuba kayan a buhu, kowane launi da buhunsa, masu saye za su zo. Mai guga ne ya ce zai taya ta. Har yanzu bai san abin da rezarsa ta yanke ba, ita kuma ba za ta faɗa ba.

Ta sauko da wata riga daga sanda, ta shafa ta, ta ɗaga.

"Wannan fa?"

"Kore, Uwar Kaya."

Ta jefa a buhu, ta miƙa hannu ga ta gaba.