Sanarwar Rasuwa

Aikina a banki shi ne tsare ordinatoci, wato kwamfutoci, daga ɓarayin da ba sa haura katanga. Na yi shi a Dakar da Abijan kafin in dawo Yamai, kuma kowane gari da abin da ake kama mutanensa da shi. A Abijan saƙon ƙarin albashi ake turo musu, su buɗe takardar da ke manne, ɓarawo ya shige ta nan. Na sha tambayar kaina da me za a kama mutanen Yamai.

Wata rana da hantsi saƙo ya shigo mini daga adireshin wani tsohon abokin aikinmu, Bazabarme, wanda ya tsufa a gishe, tagar biyan kuɗi, yana sallamar jama'a kafin ya koma lambunsa a Gamkalle. Ni Bagobiri ne, don haka tsakaninmu sai zagin wasa. Saƙon ya ce Allah ya yi masa rasuwa, iyalinsa ne ke sanarwa, lokacin jana'iza yana cikin takardar da ke manne.

Na yi salati, hannuna ya kai kan takardar, na janye shi. Faransancin ya cika tsabta, kuma babu ko addu'a ɗaya. Amma in gaskiya ne fa? A garin nan ba a jiran kowa da gawa. In na buɗe, wataƙila na buɗe wa ɓarawo ƙofar banki. In na ƙi, a rufe shi ban tsaya a sahu ba. Na kira wayarsa, a kashe.

Na tari taksi zuwa Gamkalle. A Wadata amalanke da babura suka toshe hanya, direba yana ta ba ni labarin tsadar mai, ni kuwa duk motar da na hango cike da masu rawani sai in ce masu zuwa jana'izarsa ne.

Na same shi tsakanin fangalin ganyen salati, wando a naɗe, yana ban ruwa.

"Bawana, yunwa ce ta koro ka?" in ji shi.

"An ce ka mutu."

"Ka zo cin gado ke nan. Ga bokiti."

Ya ce tun makon jiya aka zare masa waya a kasuwar Petit Marché, wajen masu nama. Yana cikin dariya na tambaye shi sunayen wa da wa ke cikin wayar. Ya ce kowa mana, tun daga direkta har mai gadi.

Sai a lokacin na tuna ban gargaɗi kowa ba kafin in fito. Babu wanda bai ci goron mutumin nan ba a bankin. Daga cikin lambun na kira biro, ofishinmu na banki, na ce a yanke layin intanet, kada kowa ya taɓa saƙon. Wadda ta ɗauka, tana kuka, ta ce ai ta buɗe, takardar ce ta ƙi fitowa, shi ya sa ta tura wa sauran su gwada.

Mun yi kwanaki muna wanke injuna, rassa a rufe, jama'a suna cirko-cirko a rana. Ba a kai ga asusun kowa ba. Aka ce in tara ma'aikata in koya musu, na tsaya gabansu ina neman yadda zan ce wa Musulmi kada ya yi saurin amsa kiran mutuwa. Abin da na iya faɗa kawai, a kira dangi tukuna.

Da ya rasu da gaske, ƙanensa na sa aka kira mini sau biyu kafin in ɗauki hulata.