Burodin da na saya a ɓoye

Shekarun baya, lokacin ina karatu a birnin Lyon na Faransa, abokina ɗan Maroko da muke zaune ɗaki ɗaya a unguwar La Guillotière ya gayyace ni garinsu hutun ƙarshen shekara. Kafin mu tashi na buga wa mahaifiyata waya a Damagaram. Ta yi mini addu'a, ta kuma ja mini kunne: baƙo ba ya buɗe ciki a gidan mutane.

Ran da muka isa, mahaifiyarsa ta kawo kuskus, irin dambunsu na alkama, da nama cikin wani ƙaton akushi. Na yi loma uku, na ce alhamdulillahi, na janye hannu. Ta turo nama gabana, na ce na ƙoshi. A raina har yabon kaina nake, wai ga ɗan gidan tarbiyya. Washegari ta dafa kifi, rana ta uku kaza da zaitun, ni kuwa ban wuce loma ukuna ba.

Gaskiyar magana, yunwa kamar ta kashe ni. Kullum bayan la'asar sai in ce zan miƙe ƙafa, in shiga kantin bakin layi in sayi burodi in cinye a tsaye. Ban san mai kantin ɗan'uwan mahaifiyar abokina ne ba.

Rana ta huɗu ba ta fito gaishe mu ba. Abokina ya ja ni gefe, ya ce tun safe take kuka, unguwa duk ta ji baƙonta na neman abinci a waje. Ita a tunaninta ƙyamar girkinta nake.

Na je na durƙusa gabanta, na bayyana mata irin kunyar mutanenmu, abokina yana fassarawa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta share ido da bakin mayafi.

"Baƙo na Allah ne," in ji ta. "In ka kwana da yunwa a gidana, me zan ce masa?"

Ranar na ci har na kasa tashi.

Bara ta rasu. Har yau ina tuna abin. Kwana uku ina kare mutuncina, ban taɓa tunanin nata nake zubarwa ba.