Ranar da Shanu Suka Duba Aikin Dakta

Mahaifinta ya ƙare ƙarfinsa yana yaƙi da ciyawa a gona, ya tura ta jami'a, ita kuwa ta dawo masa da digirin shuka ciyawa. Har ya koma ga Allah, in an tambaye shi aikinta sai ya ce, "Ma'aikaciya ce," ya sako wata hira.

A cibiyar bincike Uwar Ciyawa ake ce mata, amma a bayan idonta. Shekara ashirin da shida tana durƙuso da rula tana auna ganye. Ofishinta ambulan-ambulan ne na iri har kan kujerar baƙi, mai son zama sai ya nemi alfarma.

Goma sha ɗaya cikin shekarun nan a kan ciyawa guda suka tafi, doguwa, mai jure fari, kore shar har tsakiyar rani. Saura wata huɗu ta yi ritaya, kwamiti zai zo ya amince a raba wa makiyaya irin. Abu ɗaya ya rage: a saki shanu a gabansu, a ga ko za su ci.

Ana gobe, tsohon makiyayin cibiyar ya sosa ƙeya. "Dakta, in rage musu abinci? Mai yunwa ba ya zaɓe."

"Haba Baba, ai maguɗi ke nan." Ta rage murya. "Amma dai kada ka cika musu ciki."

Da safe kwamiti ya iso, aka buɗe ƙofar filin ciyawar. Shanu suka shiga, suka sansana, suka ɗaga kai suka wuce abinsu. Can bakin shinge suka nufa, inda ake tara wani haki mai yaɗo da take sa leburori su ciccire duk mako. Nan suka duƙufa.

"Baba, mene ne haka?"

"Shi nake kwasar musu kullum, Dakta. A kansa suka yi wannan ƙiba."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Ke kika ce shara ce."

Abin ya yi mata ciwo, har idonta ya kawo ruwa. Shugaban kwamiti ya tausaya, ya ce a ɗage gwajin zuwa wata rana. Ta girgiza kai, ta karɓi takardar sakamakon gwajin, ta rubuta da hannunta cewa shanu sun ƙi.

Sannan ta tattare zane ta nufi shingen, ta ture kan wata saniya.

"Matsa, 'yar nan. Bar min wanda zan auna."