Aron da Ya Kai Kwamfutocin Doguwa Tudun Wada

Biyar da rabi na asuba muka bar Kano, direbanmu Ado yana hamma kamar zai haɗiye sitiyari. Ƙungiyarmu ta manoma tana da ofisoshi huɗu a kudu, kuma yanzu manhaja ce ke kasa kwamfutocinsu gari-gari, tana gane kowace da lambar layin intanet ɗin da ta hau. Sai ga kwamfutoci ukun Doguwa sun ɓullo a rukunin Tudun Wada. Oga ya ce magatakardan Doguwa Malam Sule ya kwashe kayan ofis, har an buga takardar dakatar da shi. Na roƙi kwana ɗaya in je in duba.

Bebeji, bakwai saura kwata

Kafin zuwan manhajar, duk wata sai na zaga garuruwan nan da faifai a jaka, ana tarbata kamar ango.

Maigadi Baba Iro ya ce, "Injiniya, ashe kana duniya?"

"Ina nan, Baba. Manhaja ce ta gaje ni da raina."

Lambarsu daidai take. Ƙosai dai ya ƙanƙance. Na da, sai da hannu biyu.

Kiru, takwas da kwata

Nan ma lafiya lau. Bencina ne kawai na gindin darbejiya ya zama itacen girki.

Tudun Wada, goma da rabi

Mun biyo ta Kwanar Dangora. Na ƙirga kwamfutocin, biyu ne, nasu.

Hajiya Binta mai kula da ofis ta ce, "Ɗaga tabarmar mana, ko suna ƙasa."

Doguwa, ɗaya saura

Bayan shingen sojoji da dajin Falgore, na tarar da ukun a mazauninsu, an lulluɓe su da atamfa kamar amare. Na juya na'urar intanet, sai ga "Tudun Wada" da rubutun hannuna.

Malam Sule ya ce, "Tsawa ce ta ƙone tamu da damina, suka ara mana tasu ta ajiya."

"Ba ka sanar da Kano ba?"

"Haba Injiniya, don aron turmi sai an gaya wa mai gari?"

Na'urar ta zo da lambar garinsu, shi ya sa manhaja ta yi musu ƙaura. Na gyara lambar, na zaga bayan ofis na kira Oga. Da na yi masa bayani, sai na ji takarda tana yagewa.

Malam Sule bai san an buga ta ba, ni ma ban faɗa ba. Tuwon masara ya turo gabana, ya ce na rame.

Ana kiran isha'i muka shiga Kano. Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, da Ado da bai haɗiye sitiyarin mutane ba.